Taƙin da Na Hana Genfa

A kan taƙi ɗaya muka yi faɗa da Lou Genfa. Taƙi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ba ƙari.

Gidanmu a lungun nan na Shanghai an gina shi ne don iyali ɗaya, amma mu iyali bakwai ne muke ciki, kowa da murhunsa a madafa, kowa da ƙwan fitilarsa. Ni ke ɗakin baya a bene, ni da 'ya'yana biyu, mijina ya riga ya mutu. Shi kuma Genfa, kafinta a wurin gyaran jiragen ruwa, aka ba shi ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, daidai bisa kaina. Ɗaki ne a baki kawai. Rufin ya gangaro hagu da dama kamar an kifa buɗaɗɗen littafi, ko a tsakiya ma sai ya rusuna. Wuri ɗaya yake iya miƙewa, ƙarƙashin tagar nan da ke ɓullowa ta cikin rufi, wadda muke kira tagar damisa. Ga shi dogo kamar gorar shanya.

Da ya kusa aure ya sauko wurina da busasshen kifi a takarda. Ya ce silin ɗina ya yi tsawo da yawa, in yarda ya sauke katakon da ya raba mu da taƙi ɗaya, ƙasansa ya yi ƙasa, ya samu ya miƙe a tsakiyar ɗakinsa. Aiki nasa, katako nasa, har fenti zai yi mini.

Na kusa yarda. Sai ya yi dariya ya ce, “Yaya, ke da ba ki kai kafaɗata ba, me kike yi da wannan tsawon? Iska kike tarawa?”

Na ce, “Iskar ta ubanka ce?”

“Wasa nake yi.”

“To ka je ka yi da amaryarka. Ni daga arewacin kogi na fito, kun raina maganata, kun raina girkina, yanzu kuma tsayina. Abu ɗaya na fi kowa a gidan nan, samana. Ko ƙusa ba za ka zare ba.”

Na bi shi da kifinsa ta matakala. Matan madafa suka yi ta dariya, ni kuwa kwana uku ina jin kaina sarauniya.

Bai sake roƙona ba. Mutum ne da ba ya roƙo sau biyu, wannan ma wani irin girman kai ne, kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Ya juya kan ɗakin da guduma da zarto. Duk guntun katakon da aka yar a wurin aikinsu sai ya ɗauro shi a bayan keke. Inda rufi ya sauko har gwiwa ya jera durowoyi, kowace da abin da ke cikinta: barguna, shinkafa, takalman sanyi. Gado ya tura shi ƙarƙashin gangara, wai mai barci ba ya bukatar tsawo. Tebur ya maƙala shi a bango, a ci abinci a naɗe. Zafin bazara yakan sauko daga tayil ɗin rufi kamar tanda, sai ya lulluɓe rufin da sirararan katako, ya cusa tsumma a tsakani, ya shafa fenti shuɗi mai haske. Ya kafa madubi yana kallon taga, rana ta shigo sau biyu. A bakin taga kuma ga albasa mai lawashi a tsohuwar tasa.

Lanying, matarsa, gajera ce mai shiru, tana aiki a masaƙa. Ita takan wuce ko'ina ba ta sunkuya ba. Shi kuwa ya koyi tafiya da kai a karkace, kamar kaza tana kallon shaho. In zai sa wando sai ya je ƙarƙashin taga. Da safe in na fita zubar da bokitin bayan gida, in na ɗaga ido, sai in ga kansa ya ɓullo ta rufi yana goge haƙora.

Nakan ce, “Kawun sama, yaya iskar can?”

Shi kuma, “Ba ta kai taki yawa ba, Innar ɗakin baya.”

Haka muka yi shekara ashirin da bakwai. Mutanen lungu sukan hau su ga ɗakin, su ce kamar cikin jirgin ruwa. Masu shirin aure sukan zo su kwaikwayi durowoyin. Ni ban taɓa hawa ba. Amma ba abin da ban sani ba, don katakon nan ba ya riƙe sirri. Na ji ranar da aka kawo 'yarsu Huifen daga asibiti. Na san ƙarar goshinsa in ya bugi azara, da zagin da ke biyo baya. Na ji tarin Lanying shekara biyu, audugar masaƙa ta cika mata ƙirji, har ranar da ya tsaya. Da ƙyar aka sauko da gawarta ta tsanin ɗakinsu. Na dafa musu shinkafa kwana bakwai, na aika, ban hau ba.

Huifen ta yi aure ta tafi gidan surukanta. Ya rage shi kaɗai, yana goge abin da ya riga ya goge.

Sai aka zo aka rubuta babban harafi a bangon lungu, aka kewaye shi da farin fenti. Ban iya karatu ba, amma wannan ko kare ya san shi: za a rushe. Aka ce kowa za a ba shi wuri a sababbin benaye na bayan gari, gwargwadon ɗakinsa. Mai awo zai zo da sanda. Inda sanda ta tsaya a miƙe, ɗaki ne. Inda ta ƙi, rabi. Inda sai an rarrafa, babu. Wanda awonsa bai cika ba, ba shi da ɗaki nasa, a haɗa shi da danginsa.

Ranar na hau tsanin, karo na farko. Na tsaya ina kallon shuɗin nan, da hasken da ke faɗowa a madubi, da kofin Lanying a gurbin da ya sassaƙa masa don kada ya faɗi. Ban ce ya yi kyau ba. Bakina bai saba ba.

Na ce, “Ɓare wannan katakon na rufi. Ya ci maka yatsa uku.”

“Shekara nawa kike ganin na yi ina yinsa?”

“Sanda ba ta san fenti ba. Kana son ka ƙare a barandar surukin 'yarka, kana jiran a ce maka ga shinkafa?”

Ya kalli rufin ya ce, “Ke dai kullum sai kin faɗi gaskiya kamar kina jifa.”

Kwana huɗu yana ɓarewa. Yana zare ƙusa ɗaya-ɗaya, yana miƙar da ita, yana sawa a gwangwani, kamar akwai inda zai sake buga ta. Ƙurar shekaru ta yi ta zubowa a kan gadona, ina kakkaɓewa. Da ya gama, sai baƙin tayil da yanar gizo-gizo.

Mai awo ya zo, wani mai tabarau, yana haki saboda tsani. Genfa ya miƙa masa sigari mai tsada, ya karɓa ya soke a kunne. Ya kai sanda ƙarƙashin taga, ta tsaya. Ya kai ta tsakiyar ɗaki, ta ƙi. Ya matsa gaba, ta ƙi. Ya sa yatsa biyu a kan abin da ya rage ya nuna wa Genfa.

“Baba, saura kaɗan fa. Da ƙasan nan ya ɗan yi ƙasa, da duk tsakiyar ta shiga.”

Ina kan tsani, kaina kawai ya leƙo. Genfa bai kalle ni ba. Da ya zage ni da ya fi.

Sannan mutumin ya sauko ɗakina. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya naɗe igiyarsa.

Na ce, “Saman fa? Ba ka auna ba. Duk gidan nan ba mai irinsa.”

Ya ce, “Iya, ƙasa muke aunawa. Iska ba ta da lissafi.”

Ashe shekara ashirin da bakwai ina gadin abin da ko kuɗin albasa bai kai ba. A sabon benen ni na samu ɗaki da madafa da famfo. Silin ɗinsa ma in na hau kujera ina taɓa shi. Genfa aka haɗa shi da Huifen. Surukin ya toshe baranda da gilashi, aka sa masa gado mai naɗewa tsakanin injin wanki da tulun kabeji mai gishiri. An hana shi buga ƙusa ko ɗaya, wai bangon sabo ne. Bai cika shekara biyu a can ba ya rasu. Ban je ba, motar haya uku ake canzawa, gwiwoyina kuma sun ƙi. Abin da nake faɗa wa mutane ke nan.

Ganina da shi na ƙarshe ranar kwashe kaya ne. Durowoyin ba su fita ba, don a jikin gangara ya ƙera su, ba bangon da za su zauna a duniya sai wannan. Ya fito da akwatin kayan aiki, da madubi, da tasar albasa. Yana tsaye a bakin lungu yana jiran mota, ba komai bisa kansa sai sararin sama, amma kan nan a karkace, kafaɗa a rusune, yana kauce wa azarar da babu.

Na tafi wurinsa da magana a bakina. Tun asuba nake juya ta, kalma uku ce kawai ta neman gafara, ko yaro ya iya ta. Ya juyo ya ce, “Innar ɗakin baya, a kula da gwiwa.”

Na buɗe baki, sai na ji na ce, “Miƙe mana, tsohon banza. Nan ba wanda ya hana ka.”