Minti Biyu na Japananci

Minti biyu kacal malamarmu ta nema. Ta ce kowa ya ɗauki kansa da waya yana ba da labarin yadda yake wuni, da Japananci, a zama ɗaya, babu yankewa babu liƙi, ya tura mata kafin ƙarfe huɗun yammacin Alhamis. Wanda ya yi abin kirki zai wuce aji na gaba, kuma daga wannan ajin ake zaɓar masu zuwa Japan koyon sarrafa nama. Wanda bai yi ba sai ya jira baɗi. Ni kuwa na haura talatin a lokacin, na gaji da jiran baɗi.

Mahauci ne ni, ɗan mahauci, haifaffen Onitsha, teburina yana bakin Kasuwar Ochanja. Malamar 'yar ƙabilar Ibo ce da ta yi karatu a can, ta waya take koyar da mu. Abin da take son ji a bakinmu shi ne wata 'yar ƙugiya, te, da Japanawa ke maƙala wa kalma don su jona zance da zance. Mu a Hausa sai ka ce na tashi, na wanke fuska, na yi salla, kowanne yana tsaye da ƙafarsa. Su kuwa ɗaure su suke yi kamar shanu a igiya ɗaya: okite, kao o aratte, oinori o shite, sai ka kai na ƙarshe mai sauraro zai san ko jiya kake nufi ko kullum.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Kowace kalma da irin nata taurin kan. Yomu, karatu ke nan, ta ƙi karɓar te, wai ita yonde. Kaku, rubutu, ta zama kaite. Na ce to madalla, iku, tafiya, ai iite ke nan. Malama ta ce a'a, itte. Na ce saboda me? Ta ce haka nan. Mako uku ina sara nama ina maimaita su a baki, har wata mai ciniki ta tsaya ta dube ni ta ce, "Aboki, you dey pray for the meat?"

Bayan jarrabawar akwai Baffa, wan mahaifina. Shi ya riƙe mu tun rasuwar babanmu, shi ya fara damƙa mini wuƙa. Ko na ci jarrabawa goma, ba inda zan je sai ya ce je ka. Sau biyu ina kai masa maganar, sau biyun yana cewa zai duba.

Ranar Alhamis na bar wa maƙwabcin teburina amanar nama, na dawo gida da hantsi. Gidan haya ne, iyali shida, tsakar gida ɗaya. Na jingina waya da gwangwanin madara, na sa farar riga, na rufe ƙofa. A nan na tafka kuskuren farko. A gidanmu labule ake saki da rana, ba a rufe ƙofa sai in mutum yana kwance ba lafiya.

Ban kai aratte ba aka buga. Matar maƙwabcinmu ce. "Lafiya kuwa? Zazzaɓin ne?" Na ce lafiya lau, ta ce ai muryar ma ta nuna, Allah ya sauwaƙe. Na sake farawa. Na wuce salla, na kusa karin kumallo, sai ga mai gidan da muke haya, dattijuwar Ibo, da kwano a hannu. "Malam, dem say you dey sick. Drink this one, e dey hot." Farfesu ne, barkonon cikinsa ya isa ya tashi gawa. Na sha cokali biyu don kunya, leɓena ya yi rabin awa yana raɗaɗi.

Na fita na samu Inna, mahaifiyata, tana tsince shinkafa. Na ce, "Inna, don Allah duk wanda ya zo ki ce ba na nan."

Ta ɗago ta ce, "Ni da furfurata in yi ƙarya saboda Japan?"

"To ki ce ina karatu."

Wannan kam ta yarda, ta kuma yi shi da zuciya ɗaya. Duk wanda ya leƙo sai ta ce masa ai yana ciki yana yaren Japan a waya. Mutumin da ya zo aron turmi, da wanda ya zo neman wani daban, duk sai sun biyo ta ƙofata su ji da kunnensu. Wani dillalin shanu, tsaran babana, ya yi sallama ya shigo ya zauna. Ina gajiya, ya kasuwa, ya ruwan jiya, an ji labarin mutanen arewa? Na durƙusa ina amsawa ɗaya bayan ɗaya, ina satar kallon agogo, raina yana tafasa. Da ya gama sai ya ce to in yi masa kaɗan ya ji. Na yi masa. Ya ce shi dai bai ji bambancinsa da Sinanci ba, Allah ya ba da sa'a.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wanda zan kama da laifi. Kowa da alherinsa ya zo. Kuma a tarbiyyar da aka yi mana ba a barin sallama a rataye, ba a kuma datse gaisuwar babba, ko wuta ce ta kama maka riga.

Bayan azahar gidan ya yi tsit. Na samu minti ɗaya da rabi sumul, babu ko kukan kaza. Sai ni da bakina na ce iite. Wallahi saura kaɗan in maka wayar da bango. Na sake, janaretan shagon walda na bayan gida ya tashi. Na sake, muryata ta shaƙe. Da na ƙirga, sau goma sha ɗaya ke nan. An ɗauke wuta tun safe, cajin waya ya yi ja, ƙarfe huɗu saura kwata. Ɗauka ɗaya ta rage mini, na sani.

Na buɗe ƙofar na saki labule kamar kowa, na yi bisimilla, na danna. Ikon Allah, sai kalmomin suka riƙa biyo juna a jere. Ina ta ba da labarin: na tashi, na yi salla, na hau okada, wato acaɓa, na je mayanka, na ɗauko nama. Ina tsakiyar jimlar da ta fi kowace tsawo na ji sallama a bakin ƙofa.

Muryar Baffa ce. Baffa da ba ya zuwa gidanmu, mu ke zuwa masa, saboda ciwon gwiwa.

Ban tsaya ba. Na ce a raina daƙiƙa arba'in ne, zai jira. Ya sake sallama, iska ta ɗaga labule na hango ƙafafunsa da sandarsa. Ban san lokacin da na ɗaga hannu na nuna masa tafina ba, idona a kan waya, yadda ake tsayar da yaro in ya zo da surutu. Ya yi ta uku a hankali. Daga nan sai ƙarar sanda tana nisa. Na kai ƙarshen jimlata daidai, ko tuntuɓe babu, na tura saura minti shida.

Na fito da gudu, ya riga ya hau okada. Inna tana tsaye a tsakar gida. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Da hagu ma ka yi masa."

Bayan la'asar na same shi a rumfarsu ta dattawa, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Ya amsa gaisuwata tsaf, ya tambayi kasuwa, ya tambayi Inna da ya gani awa ɗaya da ta wuce. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Ranar Asabar saƙon malama ya shigo. Na wuce. Har da yabo, wai ta ji ana yi mini sallama a baya amma ban bari hankalina ya rabu ba, irin wannan natsuwar ake so a can. Na karanta sau biyu, haushi ya hana ni murna.

Na koma wurin Baffa na faɗa masa. Ya daɗe yana murza gwiwarsa kafin ya ce, "Ranar nan zuwa na yi in ce maka na amince. Na ga abin ka sa shi a rai, na ce bari in taka da kaina in faɗa maka."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Maganar tana nan, ban janye ba. Ka je, Allah ya tsare. Wanda na tarar a ɗakinka ranar nan ai ya riga ya yi nisa."