Takardar da Kaka Ta Ɗinke a Fata

Sai da na haura shekara arba'in na fara koyon karatun boko, a ajin manya da ke unguwar Zariya, nan Maradi. Abu na farko da na iya rubutawa shi ne sunana, Garba. Sunan kakana ne, wanda ko babana bai taɓa ganinsa ba.

A Tsibiri na tashi, a hannun Kaka, mahaifiyar babana. Lokacin ɗari, da an ci tuwo, sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta tura dankalin da Baba ya kawo daga Jiratawa cikin toka, mu kuwa jikoki mu kewaye ta. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, tunda na mijinta ne.

"Maigida, matso," take cewa. "Wane irin miji ne wanga, kullum majina, ba cefane?"

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai ɗaya da take ajiyewa ƙarshe. Wai wani dodo ne ya aiko gari, ya ce kowane gida a ba shi namiji guda ya taya shi faɗa a bayan babban ruwa. Aka zo gidan wani manomi, aka nuna ƙanensa. Manomin ya ce yaron ko gemu bai yi ba, shi zai tafi. Ya jingine hauyarsa a gindin rumbu, ya ce wa matarsa mai ciki kada a ɗauke, zai dawo kafin a yi huɗa. Aka yi huɗa, aka yi girbi, ta haihu, ɗan ya girma. Wasu mazan suka dawo, wani ba ƙafa, wani yana ihu cikin barci. Matar manomin dai kullum tana share gindin rumbu.

Nan Kaka take tsayawa, ta shafa wata 'yar laya da ke wuyanta.

"Kaka, ba ki rufe ba!" muke cewa, don kowace tatsuniya da ƙurunƙus take ƙarewa.

"Ƙaƙa zan rufe, mutum bai shigo ba? Ku tashi, dankalinku na ƙonewa."

Sai da na yi wayo na gane dodon Nasara ne, manomin kuma kakana. Layar ma ba laya ba ce. Takarda ce da wani ɗan aiken kumandan, Baturen mulki, ya kawo wata rana, maza duk suna gona. Ba ya jin Hausa sosai, sunan mijinta kaɗai ta tsinta a bakinsa. Ta ɗauka wasiƙarsa ce. A lokacin ba mai karatun Nasara a kusa, kuma kowa na tsoron kai kansa gidan kumandan, kada a riƙe shi aikin dole. Sai ta kai wa baduku ya ɗinke ta a jar fata, kada gara ta ci.

"Shi ya aiko, shi zai zo ya karanta mini," in ji ta.

Manema sun fito, ta ce tana da aure. Ba ta yi takaba ba, ba a yi masa sadakar uku ko ta arba'in ba, don ba a yi wa mai rai. Ranar da aka zo ɗibar yara lakwal, wato makarantar boko, ita ce ta cusa ni cikin rumbu ta rufe. Ta ce masu takarda sun ɗauke mata Garba ɗaya, ya isa. Da za ta rasu ta rataya mini abin a wuya, ta ce in ajiye wa mijinta.

Na ajiye, shekara da shekaru, ban taɓa ba. Sai bana, ranar bikin sojoji, malaminmu Mushe Ishaku ya ce mu je mu ga fareti. Na ga tsoffin sojoji bisa kujeru, lambobi a ƙirji, wani hannun rigarsa a naɗe ba hannu a ciki. A bayansu ga mata matasa da goyo, waɗanda mazansu suka faɗi a bakin iyaka. Aka busa ƙaho, aka yi tsit, aka fara kiran sunaye. Duk sunan da aka kira, sai wata ta sunkuyar da kai. Na ji tausayinsu ƙwarai. Amma sai na ce a raina, su dai an faɗa musu.

Ina komawa gida na ɗauko reza. Na daɗe riƙe da ita, don amana ce. Daga baya na yi bisimilla na farke ɗinkin. Takardar ta yi ja, tana neman karyewa a wurin ninki. Na bi ta da yatsa yadda aka koya mana. Na ga Garba. Na ga sunan garinmu. Sauran duk Faransanci ne.

Na kai wa Mushe Ishaku. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ajiye a gwiwa.

"Malam Garba, wa ya ba ka wannan?"

"Kakata. Wasiƙar mijinta ce."

"Ba wasiƙa ba ce." Ya dafa kafaɗata. "Sanarwa ce. Ya samu rauni, ya rasu a asibitin soja, can aka bizne shi. Sai haƙuri."

Na tambaye shi yaushe. Da muka auna da shekarun Baba, sai muka ga lokacin rasuwar ko yaye Baba ba a yi ba.

Wato duk sharar gindin rumbun nan, duk daren da ta ƙi rufe mana tatsuniya, amsar tana rataye a wuyanta. Ni kuma da zan iya karanta mata, ita ta ɓoye ni a rumbu don ƙaunata. Har yau nakan tambayi kaina, da na iya karatu tana da rai, zan faɗa mata? Wata rana in ce hakkinta ne. Wata rana in tuna yadda fuskarta ke haske in ta zo wurin da manomin ya ce zai dawo.

Juma'ar da ta biyo baya muka je Tsibiri. Matata ta daka gumba, aka tara malamai, aka yi wa kakana addu'ar da ta makara kusan shekarun babana. Da yamma na hura wutar kara a tsohon gidan, na ba 'ya'yana tatsuniyar manomi. Na kai inda Kaka ke tsayawa, na wuce. Na ce manomin ya mutu a bayan babban ruwa, ƙanensa ya rayu ya ga jikoki, matar kuwa ta jira har ta bi shi.

"Baba, ba ka rufe ba," in ji autata.

Na miƙa hannu na gyara karan da ke ci. Ita ce ta dubi wutar, ta ce ƙurunƙus a hankali.