Zanen Lalle a Hannun Ɗangoggo

Ɗangoggo maƙwabcina ne a Mpape ta Abuja, bango ɗaya ya raba mu, shi ma na kwano. Bazazzage ne, ni kuwa Bakane, don haka ko gaisuwa ba ma yi sai da baƙar magana.

Shekara goma sha takwas ya yi yana fasa dutse a kwari kafin wani oga ya kai shi filin golf ɗaukar jaka. Wai ya huta. Ina hutun? Jaka mai sanduna goma sha huɗu a kafaɗa, kana bin babban mutum yana neman ƙwallon da shi da kansa ya jefar. Yanzu ya haura hamsin. Da safe sai ya dafa bango yake miƙewa, saboda ciwon baya.

Bana aka ce za a ɗauki mutum ɗaya cikin masu ɗaukar jaka ya riƙa koya wa sabbin shiga bugun ƙwallo. Aikin tsaye a inuwa, ba kaya. Sharaɗin dai ka buga ƙwallo goma su tafi sak. Nan gizo ke saƙar, don Ɗangoggo riƙon guduma yake wa sanda. Ya damƙe ta har jijiya ta tashi, hannun dama ya murɗe ƙasa, ƙwallo ya yi hagu cikin ciyawa. Na ce masa ko sandar ta zagi babansa ne.

Madam Helen, mai koyarwa a filin, ta tausaya masa. Ta ja masa layi da biro tsakanin babban yatsa da manuni, ta ce in ya riƙe sanda layin ya kalli kafaɗarsa ta dama, ya kuma sassauta. To mutum mai alwala biyar, kafin la'asar layi ya tafi. Ni na kawo dabara, na ce a yi da lalle. Matarsa Safara'u ta kwaɓa, na tsuguna a gabansa na zana da tsinke, ina ce masa amarya.

Mako uku yana gwaji a tsakar gida da wata tsohuwar sanda, kaji na gudu. Ya dawo aiki a gajiye, ya yi sau ɗari kafin ya ci tuwo.

Ranar gwaji ƙwallayensa duk dama suka yi, ko ɗaya bai tafi sak ba. Madam Helen ta kama hannunsa ta duba, ta tambayi wanda ya yi zanen. Ashe da nake fuskantarsa, damata na bi, wadda ita ce hagunsa. Shi kuma ya yarda da lallen fiye da hannunsa. Aka bai wa wani Nicholas aikin. Ɗangoggo kuwa aka ce ya sake gwadawa baɗi.

Na zaci zai zo min da faɗa, har na tanadi amsa. Sai ya zauna a kan bencin ƙofar gida, ya daɗe yana kwance igiyar takalmi. Na ce ya yi haƙuri, baɗi kamar gobe ne.

"Bakane," in ji shi, "bayan nan nawa ba zai kai baɗi ba."

 Ya ce in miƙo masa buta, magariba ta yi.