Na je jaje wajen Ilu, ni aka yi wa jajen

Jama'a, yau na ga abin da ya hana ni cin abinci!

Da hantsi kuran, wato wutar lantarki, ya dawo Madawa da ƙarfi. Fat! Ordinatar ɗakin hotona, wato kwamfutar aikina, ta ƙone, da hotunan bikin mutanen Tabotaki a ciki. Sai anka ce ta Ilu maƙwabcina, mai sana'a irin tawa, ita ma ta ƙone. Wallahi har na ji sanyi a raina. Na tahi yi mishi jaje.

Na iske shi yana shan shayi! Ma'aikatansa biyu suna ta aiki da sauran ordinatar.

Na ce, "Ilu, ina hotunanka?"

Ya nuna wani ɗan baƙin akwati bisa kanta, da batir mai tare mishi wuta. Ya ce, "NAS ke nan, rumbun aje hotuna. Duk aikinmu nan yake kwana, kowa daga nan yake ɗauka. Kai ina kake aje naka?"

Na ce, "Cikin wadda ta ƙone."

Ya aje kofi, ya dafa kafaɗata: "Ayya, Malam Sani, sannu. Allah ya mai da alheri."

Har bakin ƙofata ya rako ni, gaban mutanen Tabotaki da ke jiran hotunansu!