Sista Saudatu da Motar Asibiti Guda Ɗaya

A ɗakin agajin gaggawa na wani asibiti da ke Ƙanƙara, Sista Saudatu ta shekara goma sha bakwai tana aiki, ba a taɓa tura ta kwas ba. Duk shekara takarda za ta zo, sai a cike ta da sunayen 'yan ofis waɗanda rabonsu da ganin jini tun suna makaranta. Su je Katsina su sha sanyi, su dawo da jaka da littafi. Ita kuwa, 'yar manomin Ruwan Godiya, sai ta ari littafin ta karance shi tas. Sauran ilimin a jikin marasa lafiya ta same shi.

Babban abin da ta koya shi ne kada ta yarda da bakin mutanenmu. Mutumin karkara ko hanjinsa na waje, ka tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce maka. Sababbin ma'aikata sai su rubuta haka su wuce wurin mai ihu. Wannan abu yana ƙona mata rai.

Wata Talata da hantsi motar kasuwa ta kife a hanyar 'Yargoje. Cikin waɗanda aka kawo akwai Alhaji Abdulganiyu, dillalin hatsi mai faɗa a ji, hannu a karye, yana salati da ƙarfi, jama'arsa sun cika ɗakin. Can gefe wani makiyayi mai suna Giɗe yana zaune a ƙasa, ya rungume cikinsa.

"Malam, ya jikin?"

"Da sauƙi, Alhamdu lillahi. Ku duba Alhaji tukuna."

Sista Saudatu ta kama hannunsa, sanyi ƙalau, jijiya na bugawa da sauri. Ta buɗe fatar idonsa, fari fat. Ta danna cikin, ya yi tauri. Jini ne ke zuba a ciki, likita kuma ya tafi taro. Motar asibiti guda ce, har an buɗe wa Alhaji ƙofarta.

Ta ɗaura wa Giɗe ruwa, ta sa aka ɗauke shi, ta tsaya a bakin motar.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Hannunka zai kai gobe, wanga bawan Allah ba ya kai la'asar."

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce ko ta san da wa take magana? Ta ce ta sani sarai, ta rufe ƙofar, ta ce wa direba ya nufi asibitin Funtuwa, kada ya tsaya ko'ina. Sannan ta dawo ta ɗaure hannun Alhajin da kanta, yana zaginta tana naɗe bandeji.

Giɗe ya rayu, saifarsa aka cire. Amma ba wannan labarin ne ya kai ofis ba, ƙarar Alhaji ce ta kai.

Bayan kwana uku shugaban ma'aikatan jinya, Malam Yahuza, ya kira ta. Mutumin kirki ne, sai dai tsoro. Ya ajiye mata takardu biyu: ta ban haƙuri, wadda ke cewa ta yi kuskure, da ta canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin asibitin ƙauye a Sabuwa. Ya ce ta zaɓi ɗaya. 'Ya'yanta a nan suke makaranta, ɗakin agajin nan kuma ta san shi kamar ɗakin uwarta.

"Sa hannu kawai, Sista. Mi zai rage maki?"

"Malam, in na rubuta kuskure ne, gobe wadda ke bayana za ta ba mai kuɗi mota ta bar mai mutuwa. Ni ba ni koya mata haka."

Ta ɗauki ta Sabuwa, ta ninke ta, ta tambaye shi ranar da ake son ta kama aiki.