Shari'ar Tsutsar Tumfafiya a Ruwan Bago

Ranar Alhamis: Kano zuwa Karaye

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba maigidana ya sauke ni a tashar Kabuga, da jakata ɗaya da wasu kwalabe huɗu da babu komai a ciki. Ni malamar makarantar koyon aikin gona ce, darasin ƙwari nake koyarwa, shi ya sa a danginmu ba a kirana Binta sai Malamar Ƙwari. Wanda ya laƙaba mini sunan, Kawu Sale ƙanin mahaifiyata, shi ne ya kira ni a waya daga ƙauyensu da ke yankin Ruwan Bago ya ce in zo maza in ba da shaida.

Ga abin da ya faru. Tsutsa ta kama masa gonar wake daidai lokacin fure. A gefen gonar akwai tsohon masheƙarin maƙwabcinsa Malam Buba, Bafulatani, wurin ya cika da tumfafiya, tumfafiyar kuma ta cika da tsutsa. Kawu ya yanke hukunci cewa daga can ɓarnar take zuwa, ya kuma sa ranar Asabar zai kai ƙara wurin mai unguwa, a ƙone tumfafiyar a tashi Buba daga wurin. Mutanen nan biyu sun fi shekara arba'in tare. Duk kaka shanun Buba ne ke kwana a gonar Kawu su ci kara su bar masa taki. Wannan ne ya hana ni cewa aiki ya yi mini yawa.

Motarmu ta cika ƙarfe shida da kwata. Mun wuce Rimin Gado rana na ɗagowa, dawa ta yi kai a hagu da dama, gyaɗa ta rufe ƙasa, abin sha'awa. A wani shinge jami'in da ke duba kaya ya ɗaga kwalba ɗaya ya leƙa.

"Hajiya, me ake zubawa a nan?"

"Tsutsa, ranka ya daɗe."

Ya mayar da ita da sauri ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Direba ya yi ta dariya har muka shiga Karaye ƙarfe takwas da rabi. Nan na karya da waina da miyar taushe a wurin wata dattijuwa kusa da tasha, mai hannu, har na ƙara biyu.

Karaye zuwa Rogo, da ƙauyen Kawu

Motar Rogo ba ta tashi ba sai goma saura. Tafiyar ba ta da nisa, amma duk wanda ya ɗaga hannu sai an tsaya masa, da buhunsa da akuyarsa. Daga Rogo na hau acaɓa, muka yi minti talatin da biyar a burji da ruwa ya zaizaye, na sauka a ƙofar gidan Kawu ana kiran azahar.

Inna Talatu, matar Kawu, ta tare ni da murna. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, ta kawo fura, sai na ga da ruwan tsamiya aka dama. Na dube ta.

"Sati uku ke nan Inna Wuro ba ta kawo mana nono ba," in ji ta, tana nufin matar Malam Buba. "Na sayo na kasuwa, kawunki ya kurɓa sau ɗaya ya ture, wai ba shi ba ne. Ga shi can duk ya rame da taurin kai."

Kawu ya shigo yana gyara hula. "Malamar Ƙwari, yau ranarki ta zo. Karatun nan da aka daɗe ana yi, yau zai yi mini amfani."

"Kawu, in ya yi maka amfani ta inda ba ka so fa?"

"Gani ya kori ji. Tashi mu je."

Gona, bayan la'asar

Gaskiya gonar ta ji jiki, kuma na ji tausayinsa. Fure ya zube, wanda ya rage kuma ya manne da juna da wani zare kamar yanar gizo. Amma abin da na fara lura da shi daban ne. Tun ina yarinya na san gonar nan da dawa a tsaye, wake na yaɗo a ƙarƙashinta, kamar yadda kakanmu yake shukawa. Bana wake ne zalla tun daga farko har ƙarshe, don Kawu ya ji ya yi daraja bara.

Ya ja ni zuwa tumfafiyar Buba. Ga tsutsotsin nan kuwa manya-manya, masu zanen baƙi da fari da ɗorawa, suna cin ganye ba ko kunya. Na dawo gonar Kawu na tsinki fure na yaga, na nuna masa wata 'yar tsutsa fara mai ɗigon baƙi.

"Kawu, ga ɓarawonka."

"Ai 'ya'yansu ne. Iyayen suna kwana a can, su turo yara nan."

Na san Kawu, musu da shi asarar yawu ne. Na ɗebi masu zanen guda shida, na sa uku a kwalba da ganyen wakensa mai taushi, uku a wata kwalbar da ganyen tumfafiya, na ɗaure bakinsu da ƙyalle. Na miƙa masa duka na ce shi zai ajiye, kar gobe a ce na yi musu raɗa.

A hanyar komawa muka hango Malam Buba yana kora shanu. Ya ɗaga mini sanda daga nesa, na amsa. Kawu ya duƙa yana cire ƙayar da ba ta soke shi ba.

Ranar Juma'a

Da hantsi muka zauna a zaure, Kawu ya fito da kwalaben daga ƙarƙashin gadonsa. Ganyen tumfafiya an cinye shi sai jijiya. Ganyen wake kuwa yana nan yadda na sa shi, ko ɓula ɗaya babu, tsutsotsin uku sun hau saman ƙyalle suna neman hanyar fita.

"Baƙunta suke yi," in ji Kawu. "A bar su zuwa bayan masallaci."

Aka bar su. Ya dawo daga Juma'a ko babbar riga bai cire ba ya sake dubawa. Ganyen waken yana nan ba su taɓa ba. Sai ya zauna ya ce, a hankali, "To me ya hana su? Ganye ai ganye ne."

Na ce masa uwarsu ita ce malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da yake gani yana shawagi a masheƙari. Ita a ƙafa take jin ɗanɗano. In ta sauka a kan ganye sai ta ɗan karce shi da ƙafafun gaba, in ta ji tumfafiya ta yi ƙwai, in ba ita ba ce ta tashi. 'Ya'yan ma bakinsu ba ya karɓar komai sai irin wannan ganye, gara su mutu da yunwa.

"Nonon tumfafiya da ko akuya ba ta so?"

"Shi ne garkuwarsu, Kawu. Dafin yana zama a jikinsu, tsuntsun da ya ci ɗaya ba ya ƙarawa. Tun zamanin da ba wanda ya sani, uwar da ƙafarta ta gane tumfafiya 'ya'yanta suka rayu suka gaji ƙafar, wadda ta yi kuskure ta ajiye ƙwai a wani ganye zuriyarta ta ƙare. A haka, cikin ikon Allah, ɗanɗanonsu ya tsaya a kan abu ɗaya. Kana yaro ka taɓa gasa farar tumfafiya?"

"Wa zai ci wannan?"

"To labarin ɗaya ne, ita ma farar dafin tumfafiya ne a jikinta."

Na ƙara masa da cewa tsutsar wakensa ita ma da tata uwar, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, da magariba take fitowa tana neman furen wake kaɗai. A da in ta shigo sai ta yi ta karo da dawa kafin ta dace. Haɗin ba ya hana ta gaba ɗaya, amma yana rage mata sauƙi. Bana kuwa ya shimfiɗa mata tabarma.

Inna Talatu, da ke bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ta ce, "Malam, ashe na cikin kwalbar nan 'yan uwanka ne. Kai ma sati uku ka ƙi nonon kowa sai na gidan Buba."

Na yi dariya har da hawaye. Kawu bai yi ba. Ya miƙe ya ɗauki kwalbar mai ganyen wake ya ce in biyo shi.

Mun sami Malam Buba a gindin kuka yana tufka igiya. Suka gaisa gaisuwar nesa. Kawu ya kwance ƙyallen, ya je da hannunsa ya ɗora tsutsotsin uku a kan tumfafiya, nan take suka kama ci. Ya dawo ya tsuguna.

"Buba, baƙinka sun kwana gidana sun ƙi cin abincina. Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Malam Buba ya ajiye igiyar. "Sale, da ka kai ni wurin mai unguwa, da na tashi ban ce komai ba. Amma da ban san gonar da shanun nan za su yarda su kwana ba. Allah ya yafe mana duka."

Sauran yinin muka yi shi muna daka 'ya'yan darbejiya muna jiƙawa, don a fesa wa furen da ya rage. Wanda ya zube ya zube, na gaya wa Kawu gaskiya, amma rabin gonar zai tsira in Allah ya so.

Ranar Asabar: komawa gida

Ƙarfe bakwai ina ɗaura jaka sai ga sallamar Inna Wuro da ƙwarya a kai. Inna Talatu ta dama fura nan take. Kawu ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga ƙasan kwano, ya goge gemu ya ce, "Wannan shi ne."

Na bar ƙauyen takwas saura kwata, na isa Rogo da acaɓa, Karaye sha ɗaya, Kabuga biyu da rabi, da kwalabena huɗu. Uku babu komai, ta huɗun Inna Talatu ta wanke ta tas, Inna Wuro ta cika mini ita da man shanu.

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen gidajen nan biyu da suka karɓe ni. A ranar da aka sa za a je gaban mai unguwa, na baro Kawu da Malam Buba a bakin gona, suna gardamar ta inda shanu za su shigo in an yi girbi.