Ɗaurin Kan Pak Darmo

Shekara tara ke nan da muka kai Pak Darmo makwancinsa a nan Dubai. Mutumin tsibirin Jaba ne da ke Indunisiya, ni kuma Bakano. Aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne ya haɗa mu a Ras Al Khor, tsadar haya kuma ta cusa mu ɗaki ɗaya a Al Qusais. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Juma'ar farko da na ga ya fito da wani ƙyalle mai zane-zane, ruwan ƙasa da baƙi, ya tsaya gaban madubi yana naɗa shi a kai, dariya ta kusa kashe ni. A wurinmu namiji sai hula ko rawani. Na ce, "Pak, ɗankwalin uwargida ka ɗauko?" Bai ji haushi ba. Da ya gama ɗauri ya ce sunansa iket, mahaifiyarsa ce ta zana shi da narkakken kakin zuma kafin a rina, kuma a garinsu namiji yana ɗaure kai ne don kada tunaninsa ya watse. Ban daina tsokanarsa ba har ya koma ga Allah, shi kuma bai fasa ɗaurinsa ba. Da shi yake zuwa masallaci, a tsakiyar fararen rawunan Larabawa.

Da ya rasu muka aika kayansa gida, har da ƙyallen. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Bana sai ga ɗansa Bayu, wanda na sani a hoto kawai, ya sami aiki a wani otal a Al Buteen, ya nemo ni. Ya gaishe ni da sumbatar hannu kamar yadda suke wa iyaye, sannan ya buɗe jaka. Ƙyallen ne, a ninke, ba wanda ya taɓa shi. Zai koma gida ya yi aure, kuma yana so ya zauna gaban waliyyin amarya da ɗaurin ubansa. Amma kawunansa duk sun koma wanda ake sayarwa a ɗinke, a kifa kamar hula. Na bidiyon waya kuma ɗaurin wasu garuruwa ne, mahaifiyarsa ta duba ta ce ba haka mijinta yake yi ba.

"Baba," ya ce, "kai kaɗai ka rage da ka riƙa ganinsa yana yi."

Nakan tambayi kaina me Pak Darmo zai ce da ya ga wannan zamani. Ba na jin zai yi faɗa a kan na ɗinke, don shi ba mai faɗa ba ne, zai ce zamani riga. Amma na san zai yi dariya har da hawaye in ya ji cewa gadon gidansu ya maƙale a hannun mutumin da ya fi kowa yi masa ba'a.

An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na cire hulata, ni da furfurata, na tsaya gaban madubi. Na ninke ƙyallen ya zama kusurwa uku, na jera ƙananan ninki a gefensa yadda nake tunawa, na zagayo da shi. Ya zame. Na sake, ya kuma zamewa. Ranar haka Bayu ya tafi, na zauna ina jin kamar na sake binne abokina.

Sai da Juma'a ta zagayo, ina shirin masallaci, abin ya faɗo mini. Duk lokacin da nake tsokanar Pak Darmo yana ɗauri, ba ya iya ramawa, sai dai ya yi gunaguni. Na daɗe ina cewa haƙuri ne. Ashe bakinsa ne a cike: yana cije gefe ɗaya da haƙori don kada ya kwance, har sai ya zagayo da ɗayan, sannan ya ƙulle su a ƙeya.

Na kira Bayu na ce, "Yalla, maza taho da ƙyallen." Na nuna masa sau ɗaya a kaina, na miƙa masa. Ya cije, ya zagayo, ya ƙulle. Ɗauri ya zauna daram. Da ya juyo, sai ga fuskar da na rabu da ita shekara tara tana kallona. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Pak Darmo bai bar gida a Dubai ba, ko alamar kabarinsa sai an yi nema. Na'urorin da muka gyara tare an daɗe da zubar da su. Abin da ya rage shi ne ƙullin nan na ƙeya, wanda ya yi shekara tara a ajiye a wurina ban sani ba, ya kuma koma hannun mai shi. Bayu, wanda ubansa ya taɓa ba shi labarin tsokanata, ya tambaye ni ko zan ce ɗankwali ne. Na buɗe baki in tsokane shi kamar yadda na saba yi wa ubansa, sai na tsinci kaina ina cewa, "A'a, iket ne."